Inna, Ko Madarar Ce?

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan makwancinki yana cike da haske, ni ce 'yarki Rabi, daga nan Tudun Wada. Wata tambaya ce ke cina, kuma ke kaɗai nake son yi wa.

Kin tuna zazzaɓin da ya riƙa zuwa miki yana tafiya a shekararki ta ƙarshe a Burumburum? Ki yi gumi har zani ya jiƙe, ki ji sauƙi ki koma aikinki, ya sake dawowa. Daga baya kunnenki ya toshe, kika fara jan ƙafar hagu. Ranar da kika dube ni kika kira ni da sunan ƙanwarki, mutanen gida suka ce iska ce. Ke kuwa kullum cewa kike, "Ni dai kaina ne ya yi mini nauyi."

To Inna, bara waccan autarki Hadiza ta fara irin wannan. Mijinta ya kai ta asibiti a Kano, aka ɗebi ruwa daga gadon bayanta aka auna. Likitan ya tambaye ta ko tana shan madarar da ba a tafasa ba. Wai akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin saniya, ta biyo madara ta shiga mutum. Yawanci a zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi take tsayawa, amma a jikin wasu 'yan kaɗan takan hau har ƙwaƙwalwa.

Nan take na tuno ƙwaryar madarar da Goggo Dije, ƙawarki ta ruga, ke kawo miki da ɗuminta. Ki kafa kai ki sha, ki ce tafasawa tana kashe garɗinta. Mu ma ai mun sha. Me ya sa cutar ta kama ki ta ƙyale ni? Kuma ta yaya abin da ido ba ya gani zai taso daga ciki har ya mantar da uwa sunan 'yarta? Na tambayi likitan ko ita ce ta same ki, ya ce yanzu ba mai iya sani.

Hadiza ta yi watanni tana shan magani. Kunnenta ɗaya bai dawo ba, amma tana takawa da ƙafarta, tana gane kowa. Watan jiya ta haifi mace, an sa mata sunanki. Ummi muke kiranta, don bakinmu ya kasa faɗar sunan.

Allah Ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi, Ya haɗa mu da ke a Aljanna.

Taki har kullum,
Rabi