Bas Ɗin Baba Mahmudu

Bani Harisa, Madina

Zuwa ga ƙanena Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen gonar Badr.

Tunda ka ce in daina kiran ka a waya don kada uban gidanka Fahad ya ji ana Hausa, to ga takarda, Osman mai ɗaukar dabino zai miƙa maka. In an gani ka ce laya ce.

Shekaranjiya wasu mutane biyu suka faɗo mana gida ko sallama babu, suka zagaye bas ɗin Baba da igiyar awo, suna ɗaukar hoto. Na ce lafiya? Suka ce Fahad ne ya aiko su, za a kai motar mathaf, wato gidan tarihin da ya gina a gona, inda yake tara kayan da. Baba kuwa yana kan sitiyari, ya ɗauka fasinja ne, har yana ce musu su matsa ciki akwai wuri.

Abdulmajid, ka san halin da ake ciki. Tun da aka hana tsofaffin motocin layin gari aiki, kuma mantuwa ta kama Baba, bai san kowa ba sai motar nan. Ni kaina wata rana Fatna ce, wata rana hajiya fasinja. In ya idar da sallar Asuba zai goge madubi, ya hau, ya dinga kiran fasinjan masallatai, "Haram, Haram! Ƙiblatain! Ƙuba!" Ni kuma in zauna a baya. In hantsi ya yi sai in ƙwanƙwasa ƙarfen rufi da riyal yadda ake yi a da, in ce, "Ala jamb, ya sawwag," wato direba tsaya a gefe, akwai sauka. Ya taka birki, ya sauko, sannan ya ci abinci ya sha magani. In ba a yi haka ba ko loma ba ya kaiwa baki, cewa yake wanda bai yi lodi ba bai ci ba.

Don girman Allah ka yi wa Fahad magana. Motar ko taya babu, me za ta tsinana masa?

Ki gaishe shi, ki gaishe shi, kullum kake aikowa. To na gaishe shi, ya tambaya ko kai ne ɗan Sudan ɗin nan mai faci.

Yayarka da ta goye ka,
Fatna

*

Badr

Zuwa ga Yaya Fatna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gode. Ina fatan Baba da sauƙi.

Yaya, ki bar ɗaukar komai da zafi. A takarda motar ba ta Baba ba ce, kin sani. Baƙo ba ya mallakar motar haya, shi ya sa aka rubuta ta da sunan kafil ɗinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, marigayi mahaifin Fahad. Yau kuma iƙamata da taki da ta Baba, takardun zamanmu a ƙasar nan, duk a hannun Fahad suke. Da wane bakin zan ce masa a'a?

Kuma ki duba alherin da ke ciki. Irin motocin nan sun ƙare, duk an yanka su an sayar a kilo. Wannan kaɗai ta rage mai jan layi a ciki da kujerunta na asali. A gidanmu tsatsa ke cin ta, kyanwoyi na haihuwa a ƙarƙashi. A nan za a yi mata fenti, a sa mata taya, a ajiye ta a ɗaki mai sanyi, yaran makaranta su zo su ga abin da ya yi jigilar baƙin Manzon Allah. Wannan tarihi ne, ya fi ƙarfin tsakar gida ɗaya.

Batun cin abinci kuma, ke kika saba masa da wannan wasan. Mutumin da bai san sunan ɗansa ba, kwana biyu zai manta an taɓa yin mota. Ki ajiye masa kujera ki ba shi faranti ya riƙa juyawa kamar sitiyari, halas, shi ke nan.

Za su zo da winshi mai jan mota ranar Asabar. Ki shigar da shi ɗaki kafin su iso.

Ki huta lafiya.
Abdulmajid

*

Bani Harisa

Abdulmajid,

Salamu alaikum, don sallama haƙƙin musulmi ce.

Ban shigar da shi ɗaki ba. Na so ya gani, na so maƙwabta su gani. Sai da ƙarti biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari, yana ta cewa, "Akwai mutane a ciki, ku bari su sauka." Da aka ja ta ya bi ta har bakin titi ba takalmi.

Na gwada farantin naka. Ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ni kike yi wa wasan yara?" Ashe ya manta sunanka amma bai zama wawa ba. Yau mako na uku ke nan daga shayi sai dabino ɗaya biyu, su ma sai na yi kuka. Kullum yana bakin ƙofa da hularsa da tsumman goge madubi, wai bakanike zai dawo da ita. Wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

Sannan Osman ya gaya min abin da ka ɓoye. Fahad ya ma manta da wata mota a duniya. Kai ka kai masa hotonta a wayarka, kai ka tono tsohuwar takardar, don a ba ka riƙon mathaf a raba ka da lissafin kwandunan dabino. Kai, Abdulmajid! A kujerar bayan motar nan Inna ta fara naƙudarka. A cikinta aka yi maka kuɗin makarantar da ka koyo kalmar tarihi. Tsintacciyar mage ba ta mage, amma kai ba tsinto ka aka yi ba, shi ne abin da ke ci min rai.

Na ji ranar Alhamis ake buɗewa. Zan kawo shi ya zauna a kujerarsa ko sau ɗaya ne, in ƙwanƙwasa masa, ko Allah zai sa ya ci abinci.

Fatna

*

Badr

Yaya Fatna,

Bayan gaisuwa. A gurguje nake. Kada ki kawo shi ranar Alhamis, manyan baƙi za su zo. Ki bari in an kwana biyu zan duba lokacin da babu kowa. Osman kuma ya iya bakinsa.

Abdulmajid

*

Bani Harisa

Abdulmajid,

Ba gaisuwa yau. Kana waje kana zuba wa baƙi gahawa lokacin da muka shiga, don haka bari in ba ka labarin abin da ba ka gani ba.

Daga bakin ƙofa ya gane ta, duk da fentin. Wallahi rabon da in ga ya yi sauri haka tun Inna na da rai. Ya tsallake jar igiyar nan, ya kama ƙofar direba, sai ya tsaya cak. Akwai mutum a kujerarsa. Mutum-mutumin roba, fari sol, da jan shimagi, rawanin Larabawa, a ka, hannu biyu a kan sitiyari. Ga allo a gefe, na karanta da idona: wai motar marigayi mahaifin Fahad, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana jigilar baƙin Manzon Allah. Mutumin da ko keke bai iya ba! Na nemi sunan Mahmudu sama da ƙasa, ban gani ba. Wa ya rubuta allon, in ba mai riƙon mathaf ba?

Ka san Baba ba ya tayar da direba daga kujera, a wurinsu babban abin kunya ne. Sai ya yi wa robar sallama, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ya zagaya ya shiga baya ya zauna, ya ɗora hannu a gwiwa kamar baƙo. Ya jira, ya jira. Can ya karɓi riyal ɗin daga hannuna, ya ƙwanƙwasa rufi, ya ce, "Ala jamb." Ya sake, da ƙarfi. Ya juyo ya ce min, "Hajiya, wannan ba ya tsayawa."

Sauran ka sani, don ƙarar ce ta shigo da kai da baƙinka. Mai gadi ya riƙo shi ta hammata. Wani mai alkyabba ya tambaye ka wane ne wannan, ka ce da Larabci, "Wani tsoho ne da ke wanke ta a da." Ka ɗauka don ya manta Hausar sunanka ya manta Larabci? Shekara arba'in yana ji da shi a titi. Ya dube ka, ya ce, "Na'am, ya sidi," ya sauka.

Tun da muka dawo ya daina zama a bakin ƙofa. Shayin ma ya daina.

Fatna

*

Badr

Zuwa ga Yaya Fatna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun kwana lafiya, Baba kuma da sauƙi.

Abin da ya faru ya faru, kuma na gargaɗe ki. Ba zan iya tsayawa gaban mutanen nan in fara bayanin dangi ba, ke ma kin san yadda suke kallon mu. Na ga kiranki da yawa a kwanakin nan, aiki ne ya yi min yawa, in na samu sarari zan zo da kaina.

Alhamdu lillahi Fahad bai yi fushi ba. Har ma wani daga cikin baƙin ya ce direbobin wancan zamani ba shimagi suke sawa ba, hular saƙa ce irin wadda ya gani a kan tsohon. Fahad na son a gyara, don komai ya zama na asali. Ki ba Osman hular Baba da tsumman madubin. Zan aiko masa da sabuwa, wadda ta fi ta.

Ki gaishe shi.
Ƙanenki,
Abdulmajid

*

Bani Harisa

Abdulmajid,

Wa alaikumus salam.

Ga hular, ga tsumman, ban wanke su ba don su zama na asali. Sabuwar ka riƙe abinka.

Kiran da ka gani na ranar Talata ne. An yi masa salla a Harami bayan Azahar, Osman da masu faci biyu ne suka shiga kabarin. An tambaya ko yana da ɗa namiji, na ce yana da wani da ke wanke masa suna a Badr.

Ba sai ka zo ba. An tsaya masa, ya sauka.

Fatna 'yar Mahmudu direba