Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

Maigidana Mansir,

Gaisuwa daga Amurka. Ya mutanen Ƙofar Dumi, ya ƙafar Baffa? Ni lafiya lau, sai 'yar rama.

Matar kawunka dafa-dukan 'yan Meziko take mana, a wata tukunyar lantarki mai kulle kanta. Na kai hannu zan ɗanɗana gishiri, ta ce, "Hajiya, ba a buɗewa sai ta yi ƙara!" Shekara hamsin ina girki, yau tukunya ce za ta ba ni izini. Shinkafar kuwa ja kawai, ba yaji, ba daddawa, ko ƙanzo babu. Wata uku ban riƙe muciya ba.

Ka gaya wa uwarka ta wanke min tukunyata. Kafin azumi ina gida, insha Allahu.

Kakarka,
Yagana