Zomon Ikram da Rantsuwar Manu

Abakpa Nike, Enugu.

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara, ina roƙon Allah Ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, Aslam ya fara rarrafe, ƙanenki Manu yana ta fama da fawarsa a kasuwar Ogbete. Na ba Dogara direban motar shanu wannan takarda ne don in na kira ki a waya kuka zai ci ƙarfina, ga shi ɗakinmu ɗaya, komai na faɗa a kunnen Manu.

Yaya, a tsorace nake, kuma a kan zomo. Don Allah kada ki yi dariya. Kin san tun ranar da keke napep ya kife da mu a hanyar kasuwa Ikram ta daina magana, sai ɗaga kai da nuni. Maƙwabciyarmu Ma'u ce ta ba ta ɗan zomo fari, bai fi tafin hannu ba. Wallahi a gaban kejinsa na fara jin muryar 'yata, tana yi masa raɗa. Mu kuwa ba ta ce mana uffan, shi kaɗai take yi wa hira.

To da ya fara girma sai halinsa ya juye. Ya riƙa buga ƙafar baya a ƙasa, yana gurnani, ya tattauna min tabarma, duk hannun da ya shiga kejin sai ya kai masa cafka. Matan gidanmu suka ce wani abu yake gani wanda mu ba ma gani, a rabu da shi. Ana cikin haka ya ciji Ikram a yatsa har jini ya zuba, a gaban ubanta. Manu ya rantse da Allah in ya ƙara cizo sai ya yanka shi. Ke kika raine shi, kin san in ya rantse ba ya waiwaye, kuma wuƙa ba ta yi masa nisa.

Na saɓi Aslam na je wurin wata likitar dabbobi, Inyamura, mai duba shanu kafin yanka. Tambayarta ta farko ita ce yaya muke ɗaukarsa. Na ce ta kunne mana, kamar yadda kowa ke yi. Ta riƙe kai. Ashe mu ne muka ɓata shi! Manu kullum ya dawo, da ƙarnin jini a hannu, sai ya cafko shi ta kunne ya jinjina, yadda yake jinjina cinyar saniya, yana tsokanar wai ya kusa isa tukunya. Ta ce zomo in aka ɗaga shi sama ji yake shaho ya sure shi, buga ƙafar nan tsoro ne tsagwaronsa, ga balaga ta zo masa yana kare wurinsa. Ta ce a zauna a ƙasa a bar shi ya zo da kansa, a sake shi ya zaga, a wadata shi da ciyawa, in ya ƙara ƙwari a kai shi a yi masa dandaƙa. Amma ta ce sai an yi haƙuri, tsoron da ya shiga ba ya fita rana ɗaya.

Muna bi, har ya fara cin ganye a hannuna. Sai dai jiya Ikram ta manta ta miƙa hannu ta sama, ya sake cizon ta. Ba ta yi kuka ba. Ta cusa hannun cikin hijabi ta yini a haka, sai da na zo yi mata wanka na gani. Na wanke da ruwan gishiri, na kai ta kemis. Har yanzu Manu bai sani ba. Ban taɓa ɓoye masa komai ba, kuma rana ba ta ƙarya, zai gani. In ya yanka zomon nan a gidan nan, ina tsoron bakin yarinyar nan ya rufe ke nan.

Abin da nake roƙo, ki kira shi da kanki. Ki tuna masa rantsuwa tana da kaffara, Malam ya yi masa bayani. Ni zan dafa abincin ciyar da miskinan da hannuna. Ni in na faɗa zai ce ina fifita dabba a kan 'yarsa, ke kuwa ba ya tsallake maganarki.

Ki gaishe min da Malam, da Dada, da Mu'minat da Sagiru. Yaya, ki yi sauri. Jiya ina ɗaure mata yatsan nan ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar keken, ta ce: "Umma, kar ki faɗa wa Baba. Zomon tsoro yake ji, irin nawa."

Taki mai jiran kiranki,
Ramlatu.