Wankan Ruwan Sigari

Guci, Litinin, 1976

Zuwa ga autana Mainassara a Magarya. Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da matarka Yalwa. Wannan rubutun hannuna ne, na karatun manya, kada ka yi dariya.

Na ji ƙazuwa ta kama jaririyarku Nafi, har tana sosa jiki ya yi jini. Abin ya hana ni cin tuwo. Ka san da ruwan ganyen taba muke kashe kaskar maruƙa. Ka fasa sigarinka kara biyar, ka jiƙa ya kwana, a yi mata wanka da shi. Yau dai shan tabarka ya yi rana.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Ƙande

Guci, Alhamis

Mainassara, ina gaisuwa. KADA A YI WANKAN.

Yau wani lokotoron asibiti ya zo kasuwa yana gargaɗi kan sigari. Ya sa wani mashayi ya hura hayaƙi cikin farin ƙyalle, wurin ya yi ja kamar tsatsa. Ya ce akwai kwalta a ciki, da guba mai suna nikotin. Na matsa na faɗa masa maganin da na ba ka. Ya dafe kai. Ya ce: "Iya, ta fata take shiga, balle fata mai ƙuraje! Jariri ba maraƙi ba ne."

Na dawo gida da sauri. Babu mota sai kasuwa mai zuwa, don haka na roƙi baffanka Wakili ya hau doki da takardar nan. Idan kun jiƙa, ku zubar. Ka amsa mini ko da kalma ɗaya.

Innarka

Magarya, Lahadi

Inna, ina gaishe ki da ladabi.

Baffa ya iso bayan an yi wankan. Nafi ta yi ta amai, gumi ya rufe ta, wuyanta ya saki. Na ɗauke ta da gudu zuwa asibiti, suka wanke ta da sabulu, suka riƙe ta kwana biyu. Yau da safe ta kama nono. Sun ce za ta rayu.

Sauran kwalin sigarin na jefa a murhu. Yalwa ba ta yi mini magana ba har yanzu. Na ce mata dabarar tawa ce, kuma kowa ya yarda, tunda ni ne mashayin. Ki bar shi a haka, Inna.

Ɗanki mai biyayya,
Mainassara

Guci, Laraba

Ɗana, alhamdu lillahi. Na yi kuka har maƙwabta suka shigo.

Amma ba zan bar shi a haka ba. Akwai mata uku a nan da na taɓa faɗa wa maganin, jiya na bi su gida gida. Ka karanta wa Yalwa wannan da ƙarfi: Yalwa, ni ce na ba shi maganin. Ki yafe wa mijinki. Ni kuma sai ranar da kika iya.

Ku huta lafiya.
Ƙande