Na Cire Fuskarki Na Sa Gada

Adda Zulai,

Assalamu alaiki. Na san takardar nan ba za ta same ki ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa a gidan nan.

Faifanki ya fito, wanda kika gama ɗauka kafin ciwo ya kwantar da ke. Ni na tsara bangon, kamar yadda kika ce ba mai taɓa shi sai ƙaninki. Sai dai babu fuskarki a kai.

Kin tuna hoton da na ɗauke ki a Yagwa, bakin gonar shinkafa, iska ta ja kallabinki gefe, kina yi mini tsawa in yi sauri? Shi kika zaɓa. Sati biyu na yi a kansa. Ban ƙara miki hasken fata ba, ban goge tabon goshinki ba, don kin hana.

Ranar da zan kai wa mai bugawa, Baffa Alhaji ya kira ni rumfarsa a kasuwa. A gaban mutane, tsakanin dilolin atamfa, ya ce ba za a rataye hoton 'yar gidansu a shagon kowane mai gyaran waya ba. Wai kin kunyata su da ranki, ba za ki ƙara da mutuwarki ba. Sunan Baba ma a cire. Adda, na juya na bar rumfar. Na koma na cire ki, na sa gadar kogin Binuwai. Gada! Me ya haɗa ki da gada, ke da ko kwalekwale ba kya yarda ki shiga?

Makon jiya aka yi bikin 'yar Baffa. Waƙarki ta uku aka yi ta maimaitawa, mata suka cika tsakar gida da rawa. Wata baƙuwa daga Mora ta tambayi mai waƙar, aka ce mata wata 'yar Garwa ce. Inna tana zaune tana ji. Ta ajiye kwanonta ta shige ɗaki.

Ina so in ɗora wa Baffa laifin duka, amma ya zan yi da nawa? Faifanki na farko, da kika juya bayansa ba ki ga sunana ba, na ce miki mai bugawa ne ya manta. Ƙarya na yi. Ni na goge, don kada abokaina a masallaci su san ƙanin mawaƙiya ne ni. Kika je har shagon mutumin kika yi masa tatas saboda ni. Har kika bar duniya ba kya gaishe shi. Shi kuwa ya zo jana'izarki, ya tsaya kusa da ni a sahu, bai tona ni ba.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta. Ban ce ki yafe mini ba, ban ga fuskar roƙo ba.

Ƙaninki,
Sani