Awon Shanu a Cikin Awakin Kawu

Kankia, Jihar Katsina.

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Legas, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya yi kyau bana a ƙauyen Ƙofa.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ka tuna lokacin da muke rubuta manhajar nan mai tura wa masu kiwo awon maganin tsutsar ciki ta waya? Na ce a yi wa kowace dabba nata awon daban a haɗa mata, kamar yadda ake ɗaura wa keke kwando, in an taɓa na wata kada ya shafi saura. Ka yi mini dariya, ka ce tsarin gado ya fi sauƙi: a cikin manhajar a yi uwa guda mai suna Dabba, sai Akuya da Tunkiya da Saniya su gaji awon daga wurinta. Ka rantse ba za ka taɓa uwar ba sai da sanina. Na yarda, don kai ka koya mini aikin.

Da ka samu aikin gonar shanu a can, sai ka shiga ka ɗaga awon a jikin uwar, ko kira babu. Haba Yaya! Ka fi kowa sanin Akuya ba ta da nata, na uwa take bi. Haka saƙo ya tafi ƙauyen Kaikai, wurin Kawu, da awon shanu. Kawu Nagoggo bai yi tantama ba, tunda ni na sa masa abin a waya. Ya ɗura wa awakinsa, bakwai suka mutu, har da mai cikin nan.

Na cire aikina daga ƙarƙashin naka, na sake gina kowace dabba da awonta. Amma masu kiwo a yankin Kusada sun daina buɗe saƙona.

Jiya Kawu ya zo har gida yana lallashina, wai yarinta ce, da Mannir na nan da hakan ba ta faru ba. Wallahi ban faɗa masa kai ne ka ɗaga awon ba.

Ka gaida Anti Sumaiya da Zainul Abidin. Inna na gaishe ku. Kawu ma ya ce in gaishe ka, ga shi na isar. Lambarsa ba ta canza ba, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka.

Ƙanwarka,
Rauda.