Ƙwaryar Inna da Ƙafar Kawu Audu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Halima ta Gangaren Tudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne in faɗi abin da girman kai ya hana ni faɗa kina raye. Masu leƙen wasiƙar nan su zama shaida.

Kin tuna lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, aka ɗauke ni aikin taimaka wa likitan da ke binciken kurkunu? Farar riga, biro uku a aljihu, ɗaya ne kawai ke rubutu. Ke kuwa kina tsakar gida da garwashinki da ƙarafunanki kina zanen ƙwarya. Allah ya yafe mini, kunyar sana'arki nake ji a lokacin.

Damuwarki ita ce ƙaninki, Kawu Audu na Agwada. Damina biyu a jere kurkunu ya fito masa a ƙafa daidai lokacin shuka. Yana kwance yana naɗe tsutsa a tsinke, ciyawa na cin gona, rumbu ya kai ƙasa. In ta uku ta zo haka, sai dai ya kwashe iyali ya bar gonar kakanninmu.

Mu kuwa mun san sirrin. Wasu ƙananan ƙwari ne a ruwan tafki ke ɗauke da cutar. Mutum ya sha, bayan shekara tsutsa ta ɓullo. A tace ruwa da ƙyalle mai kauri, shi ke nan. Aka buga mana manyan takardu da hoton ƙwaron, na kai Agwada ina taƙama, na manna a bishiyar kasuwa. Ashe an zana shi ƙato, ya kai ɓera, ga gashin baki zaƙo-zaƙo. Mutane suka duba da kyau, suka yi jaje. Wai garin da ke da wannan dodo a ruwa ya shiga uku, amma su nasu tafkin babu shi, da sun gani. Kasuwa ta gaba a cikin takardarmu aka naɗo mini ƙosai.

Na dawo ina zagin jahilci. Ko kai ba ki ɗago ba, kika ce, "Gaskiya suka faɗa, kai ne ka kai musu ƙarya mai launi." Kika sa na kawo miki ruwan tafkin a kwalba. Kika ɗaga ta saitin rana, kika daɗe kina ƙanƙance ido, har kika hango su, farare, ba su kai tsakin gero ba, suna tsalle. Ni da nake ganinsu kullum a madubin likita, ban taɓa tunanin ido zai kama su ba.

Mako guda kina aiki. Kika raba bayan ƙwarya gida biyu. Gefe ɗaya ruwa ne layi-layi, cike da ɗigon bakin allura, daidai girman ƙwarin, ƙarƙashinsa ƙafa da zare yana fita. A tsakiya saƙar ƙyalle ce, ɗigon duk sun maƙale a jikinta. Ɗaya gefen ruwa fes, ƙarƙashinsa zangarniyar dawa. Babu harafi ko ɗaya.

Kika ce in bar farar rigar a gida, in fara da matar Kawu. A bakin tafki mata suka riƙa karɓar kwalba suna ɗagawa, su dubi ƙwarya, su dubi ruwa. Aka ɗauki salati. Wata tsohuwa ta tuntsurar da tulun da ta riga ta cika. Kafin la'asar ana ta yaga yadin akoko ana ɗaure bakin randuna. Matan Fulani masu tallan nono suka roƙi a zana musu nasu ƙoren, zanenki ya shiga rugagen da takardunmu ba su taɓa zuwa ba.

Sai jira, shekara cur, domin wanda ya riga ya sha ya sha. Duk wanda ya zo daga Agwada, kafin ya zauna kin tambaye shi ƙafar Audu.

Inna, ruwan farko ya sauka ƙafar nan lafiya lau! Ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai. Da kaka ya sauko daga mota da damin dawa, ya hana kowa ɗauka, ya tako da shi har ƙofarki. Ya sauke, ya buga ƙafar a ƙasa sau uku. Kina dariya kina share hawaye kika ce, "A hankali, Audu, kada ka rushe mini zaure."

Da likita ya rubuta rahoto, sunana ya sa, ni kuma na yi shiru. Yau na gyara. Mu mun gano ƙwaro, amma ke kika sa mutane suka gan shi. Ina alfahari da ke, Innata, alfaharin da ya kamata ki ji daga bakina.

Allah ya haskaka makwancinki. Yadda kika tsarkake wa bayinsa ruwan sha, Allah ya shayar da ke daga Alkausara. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Sule ɗan mai ƙwarya